Wasiƙar da Malam Aƙilu Bai Ƙarasa Ba

A Gozaki, idan aka ce Malam ba a ƙara suna ba, to ba liman ake nufi ba, Aƙilu ɗan Inna ake nufi, wanda ya koyar a firamaren garin shekara bakwai sannan ya koma noman auduga. Kowa ya san abin da ya mayar da shi gona, ko kuma kowa yana ganin ya sani: wai Turanci ne ya kayar da shi a jarrabawa. Maza sun faɗa a majalisa, mata sun faɗa a bakin rijiya, an yi ta faɗa har maganar ta zauna daram. To, ba a yi wa mutumin nan adalci ba. Amma kafin a gane haka sai an fara ta kan Inna.

Inna mai wabi ce. 'Ya'ya shida ta haifa kafin Aƙilu, babu ɗayan da ya kai yaye. Da aka haife shi sai tsofaffi suka yi abin da aka saba, aka kai shi juji aka ajiye kamar ba a so, wata tsohuwa ta bi baya ta ɗauko shi ta ce tsintuwa ta yi. Shi ya sa dangin uwarsa har ya yi gemu Ajuji suke kiransa. Allah ya raya shi, uban kuma bai daɗe ba ya rasu, aka bar su su biyu.

Tun daga nan Inna ta kafa doka a gidanta: ba a furta mugun abu. Maciji sunansa igiyar ƙasa. Mara lafiya, ko magagin mutuwa yake yi, da sauƙi ake cewa. Ba a ƙirga yaran gida. Ran da Aƙilu yana ƙarami ya dawo daga kiwo ya ce yunwa za ta kashe shi, kafin ya rufe baki ta buge masa shi da bayan ludayi, ta sa shi ya tofar da yawu sau uku.

"Ba ka san sa'ar da mala'ika zai ce amin ba," in ji ta. "Fata nagari lamiri."

Da wannan ya tashi. Ko da aka ɗauke shi boko, bayan an zaƙulo shi daga rumbun dawa inda Inna ta ɓoye shi, dokar ta bi shi har Malumfashi. Ya gama elementare, ya yi makarantar horon malamai, ya ci lissafi, ya ci tarihi, ya ci koyarwa, sai Turanci ya riƙe masa wuya. Aka ce ya je ya fara aiki, ya riƙa sake takardar har ya samu. Ya sake sau ɗaya ya faɗi, ya sake na biyu ya faɗi.

Kada a ɗauka daƙiƙi ne. Wanda ya koya musu Turancin shi ma da guntun nasa ya zo, kuma abin da babu a tulu ba ya zuwa moɗa. Aƙilu yana karanta littafi ya gane, amma idan aka ce ya rubuta sai jiya da yau da gobe su cakuɗe masa. Koyarwa kuwa, a jininsa take. Shi ya shuka darbejiyar da ke harabar makarantar, shi ya bi gida gida yana lallashin iyaye, har 'yan mata huɗu ya samu a ajinsa a zamanin da samun ɗaya ma abin labari ne. Idan ya riƙe alli ya juya ga allo, ba ya son a buga ƙararrawa.

A ƙarshen alif ɗari tara da sittin da huɗu takarda ta zo daga sama. Malamai masu shaida sun fara yawa, saboda haka duk wanda bai cike tasa ba a jarrabawar watan Mayu mai zuwa, zai ajiye alli. Hedimasta ya karanta masa a ofis, ya ce Allah ya ba da sa'a, bai iya kallon idonsa ba.

A nan Akawu Raufu ya shigo. Bayarabe ne haifaffen Funtuwa, iyayensa fataken goro, shi kuma akawu a injin gurzar auduga na Malumfashi. Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, Turanci kuwa da darussan da ake aiko masa ta gidan waya ya karance shi har ya ci jarrabawar da 'yan kwaleji ke tsoro. Gajere ne mai saurin fushi da saurin hucewa, ba a raba shi da alƙalamin jar tawada a aljihun gaba. A kasuwar auduga suka saba, lokacin da Aƙilu ke kawo ta gonar Inna. Da ya ji zancen takardar sai ya ce, "Wata biyar ya isa, in kana da kunne."

Ga yadda suka yi. Raufu ya buga jimloli ashirin a tafiretar ofis, kowace da ɓarakar da ya dasa mata da gangan, ya ba direban motar kasuwa ya sauke a Ƙafur, daga can a miƙo Gozaki. Aƙilu ya gyara ya mayar. Duk Asabar ta biyu ya hau kekensa ya je da kansa, su zauna a inuwar mangwaro bayan ofis, Raufu yana bin takarda da jan alƙalami yana tsaki. Makonnin farko takardar kan dawo jajir. Raufu ba ya sassauci.

"Malam, wannan aikin an yi shi an gama, ko ana cikin yi? To me ya sa ka bar shi a tsaye? Mutum ɗaya ne ko mutane? Duba da kyau, kada ka yi mini sauri."

Sannu a hankali jan ya fara raguwa. Amma akwai wani abu da ya ƙi raguwa, wanda ba shi da alaƙa da nahawu. Idan jimla ta ce rumbuna ya ƙone, sai Aƙilu ya gyara ta tsaf, amma ya rubuta rumbun wani mutum. Idan ta ce na karye a ƙafa, sai ta dawo wani matafiyi ya karye. Wani lokaci har ya ƙara "Allah ya kiyaye" da ƙananan baƙaƙe a gefe. Raufu ya yi dariya a karon farko, a na biyu ya ɓata rai, a na uku ya buga teburi.

"Wa ya aike ka? Cewa aka yi ka gyara, ba a ce ka canza mai rumbu ba. Wanda zai duba takardarka bai san ka ba, bai san Inna ba, bai san inda Gozaki take ba. Ka taɓa ma'ana, ya soke duka."

"Akawu, mutum ya ja wa kansa gobara da hannunsa?"

"Tawada ce fa, Malam! Kai da ke koya wa yara cewa ƙasa ce ke zagaya rana."

Ya tura masa takarda ya ce ya rubuta rumbuna ya ƙone sau goma, a gabansa. Aƙilu ya rubuta, gumi na tsattsafo masa. Ya koma gida ya zagaya rumbun ya duba, washegari ma haka. Bayan mako biyu Raufu ya tarye shi da tambaya tun bai jingine keke ba: "Ina labarin rumbu?" Aƙilu ya yi dariya ya ce yana nan lafiya lau. Daga ranar ya daina canza mai rumbu, har ya kashe akuyarsa a takarda, ya faɗa rijiya, ɓarayi suka yashe shi, duk da hannunsa. Shi da Raufu suka ɗauka ya warke. A watan Afrilu takardu uku a jere suka dawo babu ɗigon ja ko ɗaya, Raufu ya ce ko shi aka ba iyakar abin da zai yi ke nan.

Aƙilu yana da mata ɗaya, Barakatu, da 'ya ɗaya. Sunan Inna yarinyar ta ci, Hauwa'u, shi ya sa ake sakayawa da Maijidda, uban kuma yana ce mata uwata. Biyu suka rasa kafin ita, kuma ko da yake ba wanda ya furta, kowa a gidan ya san abin da Inna ke tsoro: kada wabin nan ya zama gado. Maijidda tana da shekara huɗu, mai surutu, mai bin keken ubanta da gudu har bakin hanya.

Saura kwana biyar jarrabawa baƙon dauro ya shigo gidan. Ya riga ya zaga unguwa, ya ɗauki yara uku a layinsu. Maijidda ta kwanta da zazzaɓi mai zafi, idanu suka yi ja, tari ya sarƙe ta, ƙurajen kuma suka ƙi fesowa, wanda tsofaffi suka ce shi ne abin tsoro. Aƙilu ya goya ta a keke zuwa wurin disfensa a Ƙafur, aka ba da abin da ake da shi. Ranar da zai tafi ba ta gane kowa. Ya tsaya a ƙofar ɗaki da jakarsa a hannu, ya ce ya fasa.

"Ka fasa ka yi mata me?" in ji Inna. "Kai ne mai ba da lafiya? Jiki da sauƙi. Tafi ka yi abin da ke gabanka, ka dawo ka same ta tana wasa."

Barakatu ta gyaɗa masa kai. Ya tafi, zuciyarsa ba daɗi.

A Funtuwa aka ajiye jarrabawar, a babban ɗakin wata makaranta. Su kusan arba'in ne, malaman ƙauyuka irinsa, daga Musawa, daga Bakori, wasu da furfura. Da safe aka yi insha'i, ya rubuta a kan ranar kasuwa, ya san ya yi abin kirki. Bayan azahar aka raba takardar gyara. Jimlolin farko ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsinke auduga a gonar da ya sani, har ya ji muryar Raufu a kunnensa tana cewa kada ka yi mini sauri. Sai ya juya shafi ya zo tambaya ta ƙarshe, wadda dole ce, kuma ita ke ɗauke da mafi yawan maki.

Wasiƙa ce cike da kurakurai, aka ce a sake rubuta ta daidai ba tare da an taɓa ma'anarta ba. Wani mutum ne ke rubuta wa yayansa. Ya gaishe shi, ya ce ruwan fari ya sauka, an fara shuka. Sannan ya ce yana baƙin cikin sanar da shi cewa ƙaramar 'yarsa ta rasu jiya da safe bayan zazzaɓi, an binne ta kafin la'asar, uwarta har yanzu ba ta iya cin abinci.

Aƙilu ya karanta sau ɗaya ya ga kurakuran duka. Babu wanda ya ɓuya masa. Ya san inda aka bar aikin da ya wuce a tsaye, ya san inda aka mayar da mace namiji, ya san inda waƙafi ya ɓata. Wata biyar na zirga-zirga a keke don wannan shafin aka yi su. Ya rubuta adireshi, ya rubuta gaisuwa, ya rubuta zancen ruwa da shuka, da kyakkyawan rubutunsa na allo. Ya zo kan 'yata sai hannun ya tsaya.

Ya gaya wa kansa tawada ce. Ya tuna rumbun da bai ƙone ba, da akuyar da ke nan tana cin dusa. Ya gaya wa kansa alƙalamin ƙaddara ya riga ya bushe tun kafin a halicci Bature da jarrabawarsa, kuma ya yarda da haka har zuciyarsa. Ya ɗora bakin alƙalami a takarda, tawada ta taru ta yi ɗigo, hannun bai motsa ba. Abin da yake gani shi ne Maijidda a kan tabarma, leɓɓanta a bushe, da Barakatu wadda kwana biyar ke nan ba ta ci abin kirki ba.

Sai tsohuwar dabara ta faɗo masa, ya rubuta 'yar wani mutum, ko rabin maki a samu. Amma yau wannan ma ta gagara. Gidaje uku a layinsu sun yi zaman makoki a makon nan, ya san iyayen, ya yi musu gaisuwa, ɗaya ma ɗalibinsa ne aka binne wa ƙanwa. Wani mutumin da ya saba jibga wa gobara da karaya ashe yana da fuska. Ya rasa wanda zai ɗora wa.

Mai tsaron jarrabawa ya zagayo ya ga rabin shafi fari, ya duba agogo, ya ce ƙasa ƙasa, "Malam, saura minti ashirin." Aƙilu ya ce ya gode. Ya rufe alƙalaminsa ya sa a aljihu, ya zauna yana jin ƙarar alƙaluman sauran mutane har aka buga ƙararrawa. Ya san abin da ya yi, kuma ya san abin da zai biyo baya.

Motar yamma ta sauke shi inda ya bar kekensa, ya taka kamar ana korarsa. Da ya hango gari sai ya rage gudu, yana kasa kunne. Ya karyo kwanar layinsu ya duba ƙofar gida, babu tabarmi, babu mutane a zaune. Sai ya ji daka daga cikin gidan, irin dakan Barakatu mai sauri. Ba a daka a gidan makoki. Ya jingine keken ya faɗa cikin gida.

Ƙurajen sun feso tun hantsi, jikin ya yi sanyi, har ta sha kunu. Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Baba, ina tsarabata?" Bai sayo komai ba. Ya durƙusa ya riƙe hannunta yana kuka, Inna na yi masa faɗa wai ba a yi wa mai rai kuka.

Sakamako ya fito bayan wata uku, ya faɗi da maki kaɗan. A ƙarshen shekara ya miƙa rajista da makullin kabad ga wani saurayi mai shaida da aka turo. Ya yi sallama da 'yan aji ba tare da dogon jawabi ba, ya tura kekensa ta ƙarƙashin darbejiyar da ya shuka bai hau ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma bai taɓa daina yi masa ciwo ba. Shekaru bayan haka, idan yana gona ya ji ƙararrawar makaranta, sai ya tsaya da fartanya a hannu. Inna takan rarrashe shi ta ce Turanci ba addini ba ne, wanda ya faɗi a kansa bai yi saɓo ba.

Raufu kuwa ya yi fushi, wata huɗu bai aiko ba. Sai da kasuwar auduga ta buɗe suka haɗu a wurin awo. Ya ja Aƙilu bayan tarin buhuna, ko gaisuwar kirki babu.

"Na ga takardar tambayoyin. Babu abin da ya fi ƙarfinka a ciki. Wasiƙar nan ce, ko ba ita ba?"

"Ita ce, Akawu."

"Na rantse na sani! Wata biyar, Malam. Aikinka, da yaran mutane da ka tara. Kai da hankalinka ka yarda tawada tana kisa?"

"Ban yarda ba. Ko a ɗakin jarrabawar ban yarda ba."

"To me ya hana ka?"

Aƙilu ya ɗauki wani ƙullin auduga yana murzawa a yatsunsa.

"Da na rubuta, na dawo na tarar da tabarmi a ƙofar gida, liman zai ce mini ƙaddara ce, kai ma za ka ce mini ƙaddara ce, kuma gaskiya kuka faɗa. Amma hannun nan ni zan ci gaba da cin tuwo da shi. Ban ga yadda zan yi ba, Akawu."

Raufu ma yana da ƙaramin kabari guda, na ɗansa, a Funtuwa da ba ya son a tuna masa. Ya juya yana kallon masu awo, can ya ce, "Yarinyar fa?"

"Tana nan, ta fi da surutu. Amma ina roƙon arziki. Kada maganar nan ta wuce mu biyu. Ba na so ta girma a ce mata saboda ita ubanta ya rasa aiki."

Raufu ya zare jan alƙalaminsa ya soka masa a aljihu, ya ce sikeli na jiransa, ya tafi.

Alƙalamin bai zauna banza ba. Kafin a jima malaman ƙauyukan da ke kusa suka gano cewa akwai wani manomi a Gozaki da ba ya barin kuskure ya wuce shi. Duk mai shirin jarrabawa sai ya biyo da takardunsa bayan la'asar, su zauna a zaure, Malam na tsaki yana cewa kada ka yi mini sauri. Da yawa sun ci. Wasu cikinsu, don rashin ta ido, suna fita suna mamakin yadda mai gyara irin wannan ya faɗi har sau huɗu, su ce ai jarrabawa sa'a ce. Yana jin su. Mutumin da ba ya iya ganin waƙafi a karkace ya ƙyale, wannan magana bai taɓa gyara ta ba.

A shekarar sittin da tara Maijidda tana aji uku a makarantar da ubanta ya bari. Wata rana ta dawo fuska a murtuke, ta same shi a zaure yana gyara ƙotar fartanya.

"Baba, 'yan ajinmu sun ce wai da kai malami ne, Turanci ya kayar da kai aka kore ka. Na ce ƙarya suke yi. Ai ƙarya ne ko?"

Ya dube ta. Ta yi tsawo, ga tawada a yatsunta, ga ɗan tabon baƙon dauro a gefen wuyanta.

"Gaskiya suka faɗa, uwata," in ji shi. "Ɗauko littafinki mu ga abin da aka ba ku yau."